Motar da Ta Kawo Ilisha Gida

Ranar da Elias ya fara ganin Selina, gawar wanta ya kawo mata.

Tsakiyar damina ce, a shekarun da sojoji suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Wata masaƙa a Kaduna ta sallami ma'aikata, cikinsu har da wan nata, Ilisha. Bai jima ba ciwo ya kayar da shi, aka kwantar da shi a wani asibiti a Zariya inda gado ne kawai babu magani, a can rai ya yi halinsa.

Direbobin tasha duk suka noƙe da suka ji Tudun Ƙirya za a kai shi. Daga Gazara zuwa can babu komai sai fadamar rake da rafuka, hanyar da ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara. Mota ɗaya ce ke shiga da damina: wata tsohuwar Landiroba koriya da Elias ya gada wurin mahaifinsa, wanda ya yi wa Turawan mishan direba. Kaka yake kiranta.

Yana kashe inji a ƙofar gidan kuka ya ɓarke. Uwar mamacin, Philomena, wadda kowa ke kira Mama Filo, ta yanke jiki ta faɗi tun kafin a buɗe ƙofar baya. Ƙawarta Inna Zulai, maƙwabciyarsu Musulma, ita ta tare ta a jikinta.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kururuwa ba. Wata budurwa doguwa, idanunta jawur, ta zo ta kama gefen tabarma tare da maza aka shiga da shi. Can sai ga ta da ƙwaryar ruwa.

"Sannu da hanya," ta ce. "Ka wanke hannunka."

"Sannu da haƙuri. Allah ya ba shi hutu."

"Amin. An ce kowa ya ƙi, kai ka yarda."

Elias ya ɗago ya dube ta. Ya ji kunyar abin da zuciyarsa ta yi a gidan makoki, ya yi maza ya sunkuyar da kai.

Sai da lokacin kaka ya yi, aka fara yankan rake, sannan ya sake jin ɗuriyarta. Ashe malama ce a firamaren Gazara, daidai tsamiyar da yake ajiye mota yana jiran fasinja. Wata rana ya buɗe ƙofar baya zai loda buhunan barkono, sai ya ga rubutu da alli a jikin ƙofar ta ciki:

"Kaka tana bukatar wanka. Mai ita ma haka."

Ya waiga. Ta tagar aji wata ta yi wuf ta juya baya. Ya tsinci guntun allin da aka bar masa, ya goge da tafin hannu ya rubuta:

"Malama, sabulu ya zama sai an bi layi. A yi mana uzuri."

Washegari ya tarar da rabin sabulun wanki a kan kujerarsa.

Daga nan ƙofar Kaka ta zama gidan wayarsu. A rubuta, a karanta, a goge.

"Direbana, jiya na ji kukan Kaka tun daga rafi, har na manta abin da nake koya wa yara."

"Kanarina, ran Lahadi na zauna bayan coci. Mawaƙa da yawa, murya ɗaya na ji."

"Ƙarya kake. Barci kake yi, na gan ka."

"Rufe ido na yi don in ji da kyau."

Da abu ya yi nisa, Elias ya tura manyansa wurin kawunta. Kawu ya ce shi ba shi da ta cewa, amma a ji ta bakin uwar yarinya, domin tun rasuwar Ilisha ba ta koma daidai ba. Elias ya je da kansa, ya bar motar can bakin rafi, ya taka da ƙafa. Ya durƙusa a tsakar gida ya gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, tana amsawa ba ta dube shi ba.

"Yaro," ta ce daga ƙarshe, "ban san ka da wani mugun hali ba. Amma ka san yadda ake kiran motarka a garin nan?"

"Na sani, Mama."

"Faɗa min."

"Mai makara."

"To. Duk sanda na ji kukanta, ranar nan nake komawa. Abinci ma ba ya wuce min. Ƴaƴa biyu Allah ya bar min, ta ɗauko ɗaya a kwance. Yanzu kuma ka ce ta zo ta ɗauki ɗayar? A sa min ƴa inda aka shimfiɗa wanta? Tashi ka tafi."

Inna Zulai tana gefe tana tsince wake. "Haba Filo," ta ce, "ƙarfe ne fa. Motar ce ta kashe shi?"

"Ke Zulai, ba naki aka kawo ba."

Inna Zulai ta koma kan wakenta. Elias ya tashi jiki a sanyaye.

Ana cikin haka Julius ya bayyana.

Ɗan wani dattijon coci ne, yana kwangilar kai kayan abinci bariki a Kaduna, cikin ƴan tsirarun da zamanin ya yi wa daɗi. Ya zo Makarfi da wata mota da ba a taɓa ganin irinta ba: ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Nan take ƴan tasha suka raɗa mata Jan Gwada. Ya ga Selina a taron mawaƙan coci, ya aika, Mama Filo ta ce bismilla.

Sai dai Jan Gwada ba ta san taɓo ba. Iyakarta kwalta. Da damina ta dawo, Julius ya ajiye ta a tashar Makarfi daf da Kaka, ya tambaya wa ke shiga Tudun Ƙirya. Aka nuna masa Elias.

Ƴan tasha suka kewaye motocin biyu, abin nema ya samu.

"Kai jama'a, dubi amarya kusa da kakarta!"

"Waccan fa an ce kafin ka gama cin goro ta kai Zariya."

"To ta kai Zariya da wa? Mutum biyu? Ina za ka sa akuya?"

"Kai baƙauye ne. Mai irin wannan ba ya ɗaukar akuya, sai dai a kai masa gasasshiya."

"Ita kuwa Kaka ko turare ka zuba mata, warin likkafani take."

Aka kwashe da dariya. Elias ya ci gaba da loda kayansa. Mahaifinsa ya bar masa motar da sharaɗi guda: Kaka ba ta zaɓen fasinja, mai rai ko marar rai. Ya buɗe wa Julius ƙofa.

A hanya Julius ya riƙe ƙarfen gaba da hannu biyu, kansa na bugun rufi. "Malam, wannan ai ba mota ba ce, horo ne. Ba ta da rediyo?"

"Ba ta da shi."

"Ruwa ma na ɗiga ta nan."

"Matsa hagu kaɗan."

Suka iso rafi, ruwa ya kawo iya gwiwa. Elias ya sa giyar ƙarfi, Kaka ta yi gurnani ta kutsa ta fita. Julius ya yi ajiyar zuciya, ya yi dariya. "Gaskiya tana da zuciya. Tawa da tuni ta zama jirgin ruwa." Ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ya fi komai ci wa Elias rai. "Ka san malamar nan, Selina? Wurinta za ni."

"Na san ta."

Ya sauke shi nesa da gidan, ya zauna cikin mota yana kallon ruwa na bin gilashi har aka gama zance, ya mayar da shi Makarfi.

Washegari rubutun da ya tarar har allin ya karye a jikin ƙofa:

"Kai da kanka ka kawo min shi? Da hannunka? Ashe haka nake da arha a wurinka."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake ya goge. Kafin ya samu kalmar da ta dace, ranar kasuwar Makarfi ta zo. Yana tsaye yana ɗaure kaya a saman mota sai ga Jan Gwada ta wuce, Selina a kujerar gaba, iska na kaɗa ɗankwalinta.

Bai ƙara taɓa alli ba. Ita ma haka. Ƙofar Kaka ta zauna wayam, sai taɓo.

Ya rame. Ya daina zuwa coci a Tudun Ƙirya. Har wata rana bayan an tashi makaranta ta tare shi a gindin tsamiya, ta tsaya gaban mota ta harɗe hannu.

"Sai dai ka taka ni."

"Malama, fasinja na jira."

"Malama? Yau ni ce Malama? Elias, maganin hawan jinin Mama ya ƙare a duk Makarfi. Zariya Julius ya kai ni na nemo, ya dawo da ni kafin azahar. Da Kaka ce da sai dare. Ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ƙarya ba."

"To me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Ke me ya sa ba ki tambaye ni ba? Kin san yadda na ji ina zaune a mota ana ruwa, shi yana cikin gida yana ba ki dariya?"

"Wa ya ce maka na yi dariya?" Hawaye suka zubo mata. "Mama ta ce bayan girbi za a tsayar da magana da shi. Ba dole take yi min ba, kuka take yi min, ka kuwa san wannan ya fi dole. Ni kaɗai na rage mata. Direbana, ka yi wani abu."

"Me take so?"

Selina ta dubi motar. Ya gane.

Ya koma wurin Mama Filo ya durƙusa. "Mama, in na rabu da ita fa?"

Wannan karon ta dube shi. "Ba sayar wa na kusa ba, in riƙa jin kukanta. Ta bar ƙasar nan gaba ɗaya. In ka yi haka, na ba ka Selina."

A Kudan akwai wani bakanike, Malam Haliru, abokin mahaifinsa, mai gareji a bakin titi. Kayan gyara sun yi wuya a ƙasar, tsohuwar Landiroba ta fi daraja a wargaje. Elias ya kai masa ita da safe. Haliru ya zagaya ta, ya shafa bonet.

"Tare da babanka muka sauke injin nan muka mayar, kana rarrafe. Ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"Akwai mutumin Kano da ke neman inji da giya. Sai ranar kasuwa ta sama zai zo. Ka zo ka taya ni kwancewa, ni hannuna ba zai yi shi kaɗai ba."

A ranar aka cire mata batir da tayoyi, aka ɗora ta kan duwatsu. Elias ya hau motar haya ya koma, bai waiga ba. Ya fara bin masu dafa mazarƙwaila yana tura musu itace a wuta.

Sannan Agusta ta buɗe da ruwa kamar an fasa sama.

Cikin ruwan nan Inna Zulai, wadda aka kai asibiti a Ikara tun kafin hanya ta lalace, ta cika da hantsi. Ɗanta Ɗan'azumi ya bi tasha mota mota, babu wanda ya yarda ya shiga Tudun Ƙirya. Ya aiko a nemi Elias. Ɗan aiken ya same shi a bakin wutar mazarƙwaila.

Elias ya miƙe da sauri, hannunsa ya tafi aljihu neman makulli. Sai ya tuna.

Ba a kwana da gawar Musulmi. Da la'asar ta yi, mutanen Ikara suka yi mata sutura, suka binne ta a maƙabartarsu. Daga Tudun Ƙirya babu wanda ya samu sallarta sai ɗanta. Matar da ta karɓi haihuwar rabin garin, ko ƙasa ɗaya ba su zuba mata ba.

Elias ya je gaisuwa, ya zauna can ƙarshen tabarma.  Ɗan'azumi ya amsa gaisuwarsa da kyau, har ya ce ya gode. Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Ranar da mutumin Kano zai zo, Elias ya isa Kudan da sassafe. Suka ɗaga bonet, suka ɗaura sarƙa a reshen darbejiya. Yana kwance ƙarƙashin mota da sifana, mai na ɗiga masa a fuska, yana godiya da man don kada Haliru ya gane hawaye ne.

Saura ƙusoshin ƙarshe sai suka ji wani kuka daga titi, siriri mai kaifi, yana matsowa kamar zai tsaga kwalta. Birki ya yi ƙara. Elias ya leƙo.

Jan Gwada ce. Julius ya fito yana share gumi, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Da ƙyar, yana riƙe da hannunta, Mama Filo ta fito, zaninta duk taɓo har gwiwa.

"Da ƙafa ta fito Makarfi," in ji Julius. "Tun da na sayi motar nan ban ɗauki wanda ya ce in ƙara wuta kamar Mama ba."

Elias ya fito ya durƙusa. Ba ta kula shi ba. Ta wuce bayan Kaka, ta tsaya.

"Buɗe."

Ya buɗe ƙofar baya. Ta daɗe tana kallon daɓen ƙarfen. Sannan ta dafa, ta hau, ta zauna a ƙasa, ta shimfiɗa tafin hannunta a wurin.

"Nan ka kwantar da shi?"

"Nan ne, Mama. Na sa masa katifar kujera don kada hanya ta wahalar da shi."

Ta rufe ido. Haliru ya ajiye sifana ya ja baya.

"Jiya na shiga wurin Bilki, ƴar Zulai," ta ce. "Na je in ba ta haƙuri. Sai ta ce min, Mama Filo, ke kam Allah ya so ki. Naki yana bayan coci, kullum kina zuwa kina cire masa ciyawa. Ni ko inda aka sa Inna ban sani ba." Ta ja numfashi. "Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne."

Ta sake shafa daɓen ƙarfen.

"Shekara da shekaru muna raba gishiri da Zulai ta kan katanga. Ita ta riƙe ni ranar nan. Ni kuwa na hana ta dawowa gida." Sai kukan ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da ta faɗi. "Ina ta cewa motar nan ta ɗauke min ɗa. Ashe kawo min shi ta yi."

Elias ya sunkuyar da kai yana kuka shi ma.

Da ta natsu ta goge fuska da bakin mayafi, ta dubi Haliru. "Malam, a mayar mata da ƙafafunta."

"To mutumin Kano fa, Mama?"

"Ya sha ruwa ya koma."

Julius ya matso kusa da Elias, ya miƙa masa hannu, bai damu da baƙin mai ba. "Selina ta faɗa min gaskiya tun ranar da na kai ta Zariya. Na yi ta jira ko za ta canza." Ya dubi motarsa, ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Kujera biyu ce da ni, ɗayar ma ta ƙi cika. Allah ya sanya alheri."

Mama Filo ta ƙi komawa a Jan Gwada. Ta jira har aka ɗaura tayoyi, aka mayar da ƙusoshi da batir, aka tura Kaka ta yi tari ta tashi. A baya ta zauna har Tudun Ƙirya. Tafiya ta farko da motar ta yi bayan nan, Bilki da ƴan'uwanta ta kai Ikara, Ɗan'azumi ya nuna musu kabarin. Mama Filo na tare da su, ta tsaya daga bakin maƙabarta tana share ido.

Bayan girbi aka ɗaura aure a cocin Tudun Ƙirya. Ba a yi wani shagali ba, shekarar ba ta bar wa kowa sarari ba, ga makokin Zulai bai gama sakin garin ba. Amma da asuba maƙwabta suka ga Mama Filo da bokiti da tsumma tana wanke Kaka da hannunta, ciki da waje, ta hana kowa taya ta. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma a baya, ta sa kaskon turare.

Da za a ɗauki amarya, matan zumuntar coci suka cika motar da waƙa, gwaggonni a benci, Bilki riƙe da hannun Selina. Mama Filo ta tsaya a ƙofar gida, ta dafa kan ƴarta, ta dafa kan Elias.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi wa mutane. Kai kuma, duk wanda ya buga maka ƙofa, ko ana tsakiyar cin tuwo, ka tashi ka je. Ke kuma kada ki hana shi."

"Amin, Mama," suka ce.

Elias ya zagaya zai rufe ƙofar baya. A jikinta ta ciki, ƙasa ƙasa inda gwaggonni ba za su gani ba, akwai sabon rubutu da alli:

"Direbana, yau fasinjarka mai rai ce. Ka tuƙa a hankali."

Bai goge ba. Ya rufe ƙofar, ya shiga ya tayar da inji. Kukan Kaka ya cika unguwar, Mama Filo kuwa tana tsaye a ƙofar gida, ba ta toshe kunne ba, tana saurare har ya ɓace a bayan rafi.